Hutun Ɗalibai A Bakin Tekun Amurka: Mai Gudun Hayaniya Ya Yi Hattara Da Ruwa

Daga Wakilinmu

A duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, jami'o'in ƙasar Amurka sukan rufe azuzuwa na tsawon mako guda, su sallami ɗalibai su je su sarara kafin a shiga ragowar zangon karatu. Wannan shi ne ake kira hutun bazara. Amma kada mai karatu ya ji an ce bazara ya ɗauka irin tamu ce, wadda rana kan ƙwalle har mutum ya rasa inda zai sa kansa. A jihohin arewacin ƙasar, kamar Mishigan da Ohayo, watan Maris wutsiyar hunturu ne: ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ɗalibi ya shafe wata huɗu ba ya fita sai da rigar sanyi bisa rigar sanyi. Saboda haka idan aka ba shi kwana bakwai, babu abin da ke ransa kamar inda zai sami rana da rairayi da ruwa mai ɗumi.

Jami'o'in ba rana ɗaya suke ba da hutun ba. Wata ta yi nata a makon farko na Maris, wata a na uku, wata kuma ta haɗa shi da bikin Ista, don haka garuruwan bakin teku sukan yi ta karɓar ayari bayan ayari tun daga ƙarshen Fabrairu har tsakiyar Afrilu. Ba kuma kowane ɗalibi ne ke tafiya ba. Da yawa gida suke komawa wurin iyaye, wasu su tsaya su yi aikin neman kuɗin makaranta. Sai kuma baƙin ɗalibai, waɗanda kwana bakwai ba zai ishe su zuwa ƙasashensu su komo ba. A shekarar karatu ta 2023/24 'yan Nijeriya fiye da 20,000 ne suka yi karatu a manyan makarantun Amurka, don haka duk mai ɗa ko ƙane a can kada ya yi mamaki in wata rana an yi masa waya an ce za a tafi bakin teku da abokai.

Tafiyar kanta ba ta da wuyar shiri. Abokai huɗu ko biyar su yi karo-karo, su zuba mai a motar ɗayansu, su kama hanyar kudu. Daga birnin Detroit na jihar Mishigan zuwa kudancin Fulorida tafiyar kilomita 2,200 ce ko kusa da haka, watau kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya komo, kuma akan yi ta cikin awa ashirin idan ana karɓa-karɓar tuƙi. Mutum ya bar makaranta da magariba cikin rigar sanyi, gari ya waye masa a jihar Jojiya ya tuɓe ta, kafin la'asar ta yi sanyi yana shaƙar iskar teku. Su kama ɗaki guda ko ɗan ƙaramin gida su raba kuɗin haya, su sayo kayan abinci su dafa da kansu. Abin da mafi yawansu ke nema bai taka kara ya karya ba: barci har hantsi, kwanciya a kan rairayi, ɗan wasan ƙwallo, hira, da manta batun jarrabawa na 'yan kwanaki.

Daga horon iyo zuwa kasuwa

Wannan al'ada da horo ta fara. A tsakiyar shekarun 1930 wani mai horar da 'yan wasan iyo na Jami'ar Colgate da ke jihar New York, mai suna Sam Ingram, ya kai yaransa garin Fort Lauderdale na Fulorida domin su yi atisaye cikin ɗumi a wani babban tafkin iyo da garin ya gina a 1928. Hukumar garin ta ga ciniki ya zo mata har gida, sai ta mai da abin taron shekara-shekara na masu iyo daga jami'o'i daban-daban. 'Yan wasan suka koma makarantunsu da labari, waɗanda ba su taɓa shiga ruwa ba ma suka fara bin sahu. Zuwa 1959, lokacin da mujallar Time ta yi rubutu a kan al'amarin, ɗalibai kimanin 20,000 ne ke sauka garin a lokacin hutun.

Abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne wani littafin ƙagaggen labari mai suna Where the Boys Are, wanda Glendon Swarthout, malami a Jami'ar Jihar Mishigan, ya wallafa a 1960, aka kuma mai da shi fim a wannan shekarar. Labarin 'yan mata huɗu ne ɗalibai da suka gudo wa sanyi suka zo Fort Lauderdale. A cikin fim ɗin ɗaya daga cikinsu hutun bai ƙare mata da daɗi ba, domin an ci zarafinta, amma da alama masu kallo rairayi da rana kaɗai suka gani. A 1961 ɗalibai wajen 50,000 suka yi wa garin tsinke.

Daga nan abin ya yi ta hauhawa har 1985, shekarar da aka ƙiyasta ɗalibai fiye da 350,000 sun shiga garin cikin makonni shida, alhali mutanen garin duka-duka ba su wuce 150,000 da 'yan kai ba. Mai karatu ya ƙiyasta da kansa. Ɗakin otal na mutum biyu sai a tarar da goma a ciki, titin da ya bi gaɓar teku ya cushe har mai tafiya a ƙasa ya riga mai mota, gidajen giya suna gasar jawo samari da wasannin da ba su dace a bayyana su a wannan shafi ba, gari ya waye da kwalabe da ƙazanta ko'ina. Masu otal da masu mashaya suna ƙirga riba, mazauna gari kuwa suna ƙirga kwanakin da suka rage baƙi su tafi.

Gari ya kori baƙinsa

Abubuwa biyu suka haɗu suka karya kasuwar. Na farko, a 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce duk jihar da ba ta mai da shekarun sayen giya 21 ba za a rage mata kuɗin gina hanyoyi da gwamnatin tarayya ke bayarwa. Fulorida ta bi a 1985, kuma da haka mafi yawan ɗaliban jami'a, waɗanda shekarunsu ke tsakanin 18 da 22, suka zama ba su da izinin saye. Na biyu, majalisar garin Fort Lauderdale ta hana shan giya a bakin teku da kan titi, ta gitta shinge tsakanin masu tafiya da motoci, ta matsa wa otal-otal su daina cusa mutane fiye da ƙima. A hutun 1986 'yan sanda suka kama mutum wajen 2,500, magajin garin na lokacin, Robert Dressler, ya fito a talabijin ya ce ba a marhabin da masu wannan hutu. Zuwa 1989 adadin ya faɗo zuwa kimanin 20,000, watau inda yake shekara talatin kafin nan.

Ɗaliban dai ba su fasa hutu ba, wuri suka sake. Garin Daytona Beach, da ke arewa a kan gaɓar, ya buɗe musu hannu, tashar talabijin ta MTV ta fara watsa shagalin daga can a 1986, kafin shekarun 1980 su ƙare ɗaruruwan dubbai ke zuwa. Can ma aka fara samun samari suna faɗowa daga barandar otal suna mutuwa, mutanen gari suka ce ya isa. Sai ayarin ya karkata zuwa Panama City Beach da ke bakin mashigin tekun Meksiko, wanda ya riƙe kambun sama da shekara ashirin. A watan Maris na 2015 aka harbi mutum bakwai a wani gidan da ake shagali, sannan wani hoton bidiyo ya fito da ya nuna yadda aka yi wa wata budurwa fyaɗe da rana tsaka a bakin teku, jama'a na tsaye kewaye. Majalisar garin ta haramta shan giya a kan rairayi a duk tsawon watan Maris, dokar ta fara aiki a 2016.

Na baya-bayan nan shi ne Miami Beach, tsibirin da ke daura da birnin Miyami. A 2021 hukumar garin ta kafa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare. A Maris na 2023 aka kashe mutum biyu da bindiga a titin Ocean Drive. A 2024 sai garin ya fito da talla a intanet yana shaida wa masu hutun bazara cewa zaman ya ƙare tsakaninsa da su, ya kai kuɗin ajiye motar baƙo dala 100 a wasu wurare, ya kafa shingayen bincike a hanyoyin shiga. Wasu shugabannin baƙar fata na yankin sun yi ƙorafin cewa tsananin ya fi faɗawa a kan matasansu, domin su ne suka fi yawa cikin masu zuwa a 'yan shekarun nan.

A ganina ba adalci ba ne a ɗora wa ɗalibai laifin duka. Fort Lauderdale da Daytona da Panama City kowannensu shi ya kira baƙin da bakinsa, ya ci kuɗinsu shekara da shekaru, sai da abin ya fi ƙarfinsa sannan ya tuna da mutunci. Har ila yau hukumomin garuruwan su kansu sun sha faɗin cewa da yawa daga cikin masu tayar da fitinar ba ɗalibai ba ne, mutane ne da ke biyo taron domin sayar da ƙwaya ko neman rigima. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan garin iri biyu ne ya ɓaci. Amma ɗaliban ma suna da nasu. A Maris na 2020, ana tsakiyar gargaɗi game da cutar korona, wasu ɗaliban Jami'ar Teksas da ke Austin su kimanin 70 suka yi shatar jirgi zuwa Cabo San Lucas ta Meksiko, da suka komo aka sami fiye da 40 ɗauke da cutar. A 2021 jami'o'i da dama suka soke hutun ɗungurungum.

Masu neman shiru

Duk wannan hayaniya ita ke fitowa a talabijin, amma akwai ɗalibai masu yawa da ba ruwansu da ita. Wasu sukan ba da makon ga aikin gayya. Ɗaliban Jami'ar Vanderbilt da ke jihar Tennessee suna cikin waɗanda suka fara wannan tsari a ƙarshen shekarun 1980, ƙungiyar Habitat for Humanity mai gina wa marasa ƙarfi gidaje ta buɗe nata shirin na ɗalibai a 1989, kuma bayan guguwar Katrina ta 2005 dubban ɗalibai sun yi hutunsu suna kwashe laka daga gidajen mutanen New Orleans.

Wasu kuma tekun suke so, amma ban da taron. Irin waɗannan sukan nufi gaɓar da gwamnati ta keɓe ta hana gini. Misali mai kyau shi ne tsibirin Padre na jihar Teksas. Ƙarshensa na kudu, watau South Padre, gari ne da ya yi suna wajen shagalin hutun bazara, amma daga arewa akwai fiye da mil 60 na rairayi zalla, babu otal, babu mashaya, sai tsuntsaye da tuddan yashi. Abokai su kafa tanti, su gasa kifi, su kwana suna jin ƙugin teku. Haka kuma tsibiran Outer Banks na jihar Karolina ta Arewa, ko da yake a watan Maris ruwansu da sauran sanyi. Uban da ya ji ɗansa ya zaɓi irin wannan wuri zai ce hankalinsa ya kwanta, kuma ta fuskar giya da bindiga yana da gaskiya.

Sai dai akwai abin da aka baro a can cikin taron. Bakin tekun da jama'a suka cika shi ne ke da masu ceto, watau ƙwararrun masu iyo da ke zaune a kan dogayen kujeru suna sa ido a kan ruwa. Inda babu jama'a galibi babu su, inda ma ake da su, a jihohi da yawa ba sa fara aiki sai ƙarshen watan Mayu. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa a bakin tekun da ma'aikatanta ke tsaro, cikin ziyara miliyan 18 sau ɗaya ake samun wanda ya nutse ya mutu. Akasarin mace-macen a wuraren da babu mai tsaro suke faruwa.

Kwararon ruwa

Babban abin da ke cin mutane a can ba kifi ne mai haƙora ba, kamar yadda finafinai suka sa mutane ke zato. Wani irin gudun ruwa ne da za mu iya kiransa kwararon ruwa. Ga yadda yake. Kusa da gaɓa akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙe daura da bakin teku. Igiyar ruwa takan taso ta fashe a kansa ta zuba ruwa tsakaninsa da gaɓa, wata ta biyo ta ƙara, har ruwan ya taru ya rasa hanyar komawa. Duk inda ya sami giɓi a jikin tudun, ta nan zai kwarara da ƙarfi ya koma cikin teku, kamar yadda ruwan sama kan taru a unguwa ya fice ta lungu guda. Yakan kuma samu a gefen gadar da aka miƙa cikin teku ko jerin duwatsun da aka zuba. Faɗinsa sau da yawa ba ya wuce ƙafa 80. Gudunsa na yau da kullum ƙafa ɗaya ne zuwa biyu a daƙiƙa, amma an auna wanda ya kai ƙafa 8, abin da ya fi gudun zakaran iyo na duniya. Ƙungiyar masu ceto ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ake tsamowa a gaɓar da igiya ke fashewa wannan kwararo ne ya ja su, kuma ta ƙiyasta yana kashe sama da mutum 100 a Amurka kowace shekara.

Muguntar abin ita ce kamanninsa. Tun da wurin ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a cikinsa, sai ya zama shi ne wuri mafi kwanciya a duk gaɓar: hagu kumfa, dama kumfa, tsakiya ruwa lumui mai ɗan duhu. Baƙon da bai san teku ba, yana neman inda ba zai sha wahala ba, nan zai zaɓa. Mai lura yakan gane shi daga kan tudu, domin zai ga kumfa ko ciyayi ko ruwa mai launin yashi suna tafiya cikin teku maimakon su nufo gaɓa.

Kwararon ba ya danna mutum ƙasa, janye shi yake yi daga gaɓa, kuma da ya wuce tudun yashin ƙarfinsa yakan mutu. Abin da ke kisa shi ne firgita. Mutum ya ga gaɓa tana nisa, ya juyo ya yi ta kokawa da ruwan kai tsaye, cikin 'yan mintoci hannu da ƙafa su mutu. Shawarar masana ita ce mutum ya kwanta bisa ruwan ya bar shi ya tafi da shi, yana ɗaga hannu yana kira, in kuma ya iya iyo sosai ya yi ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga kwararon, sannan ya bi igiya ta kawo shi tudu.

Jihar Fulorida tana da tutocin gargaɗi iri ɗaya a duk gaɓarta. Kore na nufin ruwa a kwance yake, rawaya a yi hattara, ja akwai haɗari ƙwarai, shunayya kuma halittun ruwa masu harbi sun matso. Idan aka ga jajaye biyu, an rufe ruwan ke nan, kuma a Panama City Beach wanda ya shiga a irin wannan rana tarar dala 500 ke jiransa. Duk da haka a watan Yuni na 2023 mutum bakwai suka mutu a gaɓar garin cikin kwana tara, a kwanakin da jajayen tutoci ke kaɗawa. Wanda ya yi tafiyar awa ashirin, ya biya kuɗin ɗaki, ga rana ta fito ga ruwa shuɗi, da wuya tuta ta hana shi.

Wannan bayani bai tsaya ga Amurka ba, domin teku ɗaya ce. Tekun Atlantika da ke dukan gabashin Fulorida ita ce ke dukan Legas da Badagiri, kuma gaɓar Legas ta daɗe da yin suna wajen ƙarfin igiya. Ɗalibanmu da ke zuwa yawon buɗe ido ko yi wa ƙasa hidima a kudu, waɗanda suka koyi iyo a kududdufi ko rafin ƙauyensu, su sani ruwan da suka saba da shi ba ya komawa da baya.

Akwai kuma abin da ya shafi abokan tafiya musamman. Sau da yawa wanda ruwa ya fara ja yakan tsira, wanda ya faɗa domin ceto shi ne ake tsamo gawarsa, saboda ya shiga a guje, ya isa a gajiye, ga kuma mai firgici ya riƙe masa wuya. Abin da masu ceto ke koyarwa shi ne, ɗaya ya kira lambar gaggawa, wadda a Amurka ita ce 911, ɗaya ya tsaya yana nuna inda mutumin yake kada a ɓace shi, sauran su jefa masa duk abin da ba ya nutsewa: ƙwallo, ko allon wasan igiya, ko kular da aka zubo ruwan sanyi a ciki, a juye ta a rufe murfin a wurga. In har ya zama dole wani ya shiga, to, kada ya shiga hannu sake.